Askin Auduga

Da daddare ne ƙarar ta zo, daga bayan bangon shagon da Mai-aski yake kwana. Ba kukan jariri ba ne, ba na kyanwa ba, wani siririn ihu ne mai tsini kamar an ja ƙusa a kan gilashi. Ya ɗauki sanda, ya zagaya, ya daki ƙofar maƙwabcinsa Baba Mai-walda. Ƙofar ta buɗe da kanta.

A tsakar gida ya tarar da dattijon a tsaye, gemunsa har ƙirji, riƙe da almakashin yankan kwano. A ƙasa kuma 'yarsa Auta ce a durƙushe, rungume da wani farin abu kamar an fasa matashin kai, jini yana bin yatsunta.

"Zomo na ihu?" in ji Mai-aski. Bai taɓa sani ba.

"Idan an yanke shi," ta ce, tana kuka. "Gashinsa ne ya cukurkuɗe, Baba ya ce zai rage masa."

Zomon irin mai dogon gashi ne, sunansa Auduga. Mai-aski ya naɗe shi a tawul, ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya danne har jinin ya tsaya. Da ya ɗago kai ya ce a kai shi wurin likitan dabbobi da safe, sai idonsa ya faɗa cikin na Auta, maganar ta ɓace masa a rabi.

Da ciwon ya warke, shi ya zama mai gyaran Auduga. Fatar zomo siririya ce kamar ɓawon albasa, don haka yakan zura mataji tsakanin fata da dunƙulen gashin, ya yanka ta saman matajin. Ba a yi masa wanka, ba a ɗaga shi da kunne. Auta tana riƙe shi a cinya, gashin yana tashi a tsakaninsu kamar gajimare ya sauko ya huta.

Maƙwabciyarsu, wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo, takan leƙo ta katanga ta ce, "Ɗan nan, kullum aski? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa."

Rannan saƙon Auta ya shigo wayarsa: "Mai-hannun-sanyi, Auduga ya ƙi cin ganye tunda ka tafi. Ni ma haka."

Ya amsa: "Maman Auduga, ki ce masa ya ci. Ke kuma ki bari sai na zo, mu ƙi ci tare."

Amma akwai wani mai neman Auta, mahauci ne ƙaƙƙarfa, ana ce masa Guduma. Baba yana sonsa, don ya ce namiji ne mai ƙashi. Duk sanda Guduma ya zo zance, sai ya kalli Auduga ya ce, "In an feɗe wannan, ko cikin tukunya ba zai rufe ba."

Kuskuren Mai-aski guda ɗaya ne. Wani mako gashin ƙarƙashin wutsiyar zomon ya daskare da kashi har mataji ya ƙi shiga, sai ya ɗauko injin askinsa na shago ya kwashe shi. Ya goge injin sosai, amma bai kwance haƙoransa ba.

Kwana biyu bayan haka Baba ya zo gyaran gemu. An gama ɓangaren dama ke nan, injin ya shaƙe. Guduma da ke zaune a benci ya fizge shi, ya ɓalle murfin, ya zaro farin gashi mai laushi, dogo kamar yatsa.

"Baba, wannan furfurarka ce? Ni dai na san inda na ga irinta. A gindin zomo."

Baba ya juyo a hankali, ya dubi Mai-aski.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba, amma na..."

Marin ya jefa shi jikin madubi, madubin ya tarwatse a kansa. Baba ya ɗaga kujerar aski ya maka da ƙasa, ya ce, "Gemun da na shekara talatin ina tarawa! In na sake ganin ƙafarka a gidana, sai na narka ta." Ya fita da rabin gemu.

Guduma bai fita ba. Ya rufe ƙofa, ya shaƙe Mai-aski, ya yi ta dukansa har haƙori ya fita. Sannan ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan fasasshen madubi, ya taka da dugadugi. Mai-aski ya ji yatsunsa uku suna karyewa ɗaya bayan ɗaya.

"Je ka yi wa zomo aski yanzu," in ji Guduma.

Mako shida shagon yana rufe, hannun yana ɗaure. Auta ta rubuto: "Sanyina, na tsani Baba."

Ya buga da hagu, a hankali: "Kada ki tsane shi, ni na yi laifi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ki riƙa taje Auduga kullum."

Ta gwada, amma zomon ba ya tsaya mata, kuma tana tsoron almakashi. Gashin ya sake dunƙulewa har ya ja fata, ƙuda suka fara bin sa. A gefe guda kuma dangin Guduma sun sa ranar zuwa tambaya.

Wata la'asar Mai-aski yana zaune a bayan shago, sai ya ji muryar Guduma ta katanga: "Abin nan ya ruɓe, Baba. Bari in huta da shi." Sai ihun Auta, sai ƙarar mari.

Bai san sanda ya haye katangar da hannu ɗaya ba. Ya diro ya ga Auta a ƙasa, leɓenta ya fashe. Guduma ya ɗaga Auduga da kunnuwa, wuƙa a ɗaya hannun. Zomon ya harba ƙafafunsa na baya, faratansa suka tsaga hannun mahaucin daga wuya zuwa gwiwa, ya sake shi. Mai-aski ya faɗa kan zomon ya rufe shi da ƙirji, wuƙar ta sauka a kafaɗarsa, ta keta riga da nama.

Guduma ya ɗaga zai ƙara. Sai ga wani ƙarfen rodi ya sauka a damtsensa, wuƙar ta yi sama. Baba ne. Ya kama Guduma ta wuyan riga, ya buga kansa da tankin ruwa sau biyu, ya ja shi a ƙasa har bakin ƙofa.

"A gabana ka mari 'yata? Tun kafin a ba ka?" Ya wurga shi waje. "Ka gaya wa danginka su zauna a gida."

Da aka ɗaure kafaɗar, Mai-aski ya ƙi tafiya asibiti sai an duba Auduga. Baba ya zauna a kan turmi ya riƙe zomon cikin tawul. Mai-aski ya zura mataji da hagu. Auta ta ɗauki almakashi.

"Ina tsoro, Sanyina."

"Matajin yana ƙasa, Maman Auduga. In kin yi kuskure, ni za ki yanka."

Ta yanka. Dunƙulen ya faɗi, ba jini. Suka yi ta yi har rana ta faɗi, zomon ya fito ɗan tsurut kamar wanda aka tuɓe wa riga. Ya lafe a cinyar Baba, ya cusa kai cikin gemunsa.

Baba ya shafa bayan zomon. Can ya ce, "Kai, yaro. Ka sayi inji biyu. Ka sa wa na zomon jan fenti. In na ga jan nan ya nufo fuskata, kashe ka zan yi."

"To, Baba."

"Kuma ka turo manyanka."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Yatsa ɗaya bai miƙe ba har yau, amma yana riƙe almakashi. Da yamma aka fito da amarya, mata suna guɗa, Baba ya dafa kansu su biyu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a zuriyarku, ya hana ku ganin abin da zai raba ku." Aka amsa da amin.

An loda akwatuna a mota, an ɗora kejin Auduga a sama, babu komai a ciki. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwansa a cikin babbar riga, ƙirjin rigar yana motsi kaɗan-kaɗan, farin gashin zomo yana leƙowa ta wuyanta. Auta ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi ƙasa.

Gwaggo ta leƙo ta katanga.

"To wai ni kam, zomon nan amarya zai bi, ko a gidan nan zai zauna?"