Ranar Raka Durga Kogi

"Jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai ne, Shiuli. Tikiti biyu na yanka."

Shiuli ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsinke furanni cikin faranti. A bakin layi ganguna sai tashi suke. Yau ce ranar ƙarshe ta bikin Durga, ranar da ake raka siffar Uwa Durga, abar bautarsu, kogi.

"Na hana ka biyowa ta ƙofar baya, Nilotpal. Mutanen unguwa na gani."

"Su gani mana. Aikin da na samu a Siliguri ba zai jira ni ba."

"Ma fa?" ta ce, tana nufin surukarta.

"Ai tana da 'ya a Howrah."

"'Yar da ta leƙo sau ɗaya ta toshe hanci ta koma? Ma ba ta cin abinci sai a hannuna, ka sani."

Ya sani. Shi ne aminin mijinta Debu. Shi ne ma ya tsamo gawarsa daga kogin Hooghly shekara biyu da suka wuce, a rana irin ta yau, da santsi ya kwashe shi wajen sauke siffar Uwa cikin ruwa. Tun ranar Shiuli ke ɗaura farin sari, zanen matan da mazansu suka mutu. Tun ranar hankalin surukarta ya gushe, kullum tana jiran Debu ya dawo daga kogi.

"Shekararki ashirin da huɗu fa, rabin raina," ya ce a hankali. "Haka za ki ƙare?"

"Kada ka kira ni haka a gidan nan... na roƙe ka."

Labule ya motsa. Ma ce ta fito tana dafa bango, riƙe da ɗan kwanon sindur, jan garin da miji ke shafa wa matarsa a tsagar kai. Ta tsaya tana kallon Nilotpal, sai fuskarta ta washe.

"Debu? Sai yanzu, ɗan nema? Ka jiƙe ko?" Ta miƙa masa kwanon. "Dubi matarka, kai fari fat. Duk matan layi sun yi ja sai ita. Ungo, sa mata."

Rabon Ma da murmushi shekara biyu kenan. Shiuli ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Ka amsa mata... yau kawai."

"Gobe fa?" ya ce ƙasa-ƙasa. "In zauna gidan nan da sunansa, kina kallona kina ganin shi?"

"Nilotpal..."

"Da sunana nake son in sa miki, Shiuli."

Ya durƙusa ya taɓa ƙafafun tsohuwar.

"Inna, ni ne Nilotpal. Debu ya mutu. Da hannuna na ɗauko shi."

Kwanon ya suɓuce, jan garin ya watse a ƙasa. Ma ta kalle shi, can ta kurma wani irin ihu, kamar yanzu aka kawo mata labarin. Shiuli ta tare ta kafin ta kai ƙasa, suka zube tare.

"Ki yafe mini, ban yi nufin..."

"Tafi."

"Zan jira ki a tasha."

"Kada ka jira." Ta ɗago, hawaye na zuba. "Gaskiya ka faɗa, ban ce ƙarya ba ce. Amma ni zan zauna da ita, ba kai ba."

Ya daɗe tsaye. Daga baya ta ji ƙofar baya ta rufe.

Wajen la'asar motar da ta ɗauko siffar Uwa ta wuce ta ƙofar gidan, mata na guɗa, fuskokinsu jajir da sindur. Shiuli ba ta leƙa ba. Tana zaune tana goge wa Ma fuska da jiƙaƙƙen tsumma. Tsohuwar ta gaji da kuka, idonta ya koma yadda yake kullum.

"Wa ya zo ɗazu?" ta tambaya.

"Wani ne, Ma. Ya tafi."

"Mutumin kirki ne?"

Shiuli ta matse tsumman cikin ruwa, ta kasa ɗagowa.

"Sosai, Ma."