Wanda Ya Sace Zuciyar Lamba Bakwai

Ranar Laraba da hantsi Majo Firdausi, shugabar wani ƙaramin asibiti a Matameye, ta buɗe kwalin na'urorin awon zuciya, ta duba, ta sake dubawa, sai ta dafe ƙirji. Sha ɗaya! Alhali jiya da hannunta ta jera sha biyu.

Kafin azahar Ajidan Lawwali na jandarma ya iso. Mutum ne mai tumbi da fara'a, irin wanda in yana yi maka tambaya sai ka ɗauka hira ce, sai ka gama zuba sannan ka ankara.

Majo ta yi masa bayani. Likitoci daga Damagaram ne ke bincike a kan yadda ciwon zuciya ke jawo shanyewar ɓarin jiki. An zaɓi mutum sha biyu da abin ya taɓa taɓawa, aka manna wa kowa 'yar na'ura kamar akwatin ashana a ƙirji, ta yi kwana bakwai tana naɗar bugun zuciyarsa. Gobe Dokta Zuhra za ta zo ta karanta.

"Wacce ta ɓata?"

"Lamba bakwai. Ta Malam Zainu ce, tsohon tela. Wata biyu da suka wuce bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya yi sanyi. In zuciyarsa na tuntuɓe wajen bugu, jini na daskarewa a cikinta, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Akwai maganin tsinka jini, amma Dokta ba za ta ba shi ba sai ta gani a na'urar. In ba ta gani gobe ba, sai bayan wata huɗu. Ajidan, tsoro nake ji. Shanyewa ta biyu ba ta zuwa da sauƙi."

Ajidan ya zagaya ofishin. Kowace na'ura tana cikin leda a liƙe, da lamba a jiki, babu suna. Ledar lamba bakwai tana ƙasa, an yage ta da haƙori, ga sawun nan raɗau. Ga almakashi a kan tebur kusa da kwalin, ga kuma salular Majo da ta kwana a wurin ba wanda ya taɓa.

Majo ta ce jiya da la'asar kaɗai ta bar ofishin a buɗe, da ta je salla. Aka kira Sule mai gadi.

"Ina kake jiya da la'asar, lokacin da Majo ta je salla?"

"Bakin ƙofa, ranka ya daɗe. Ni in sata zan yi, ai kwalin zan sungume gaba ɗaya!"

Ya kece da dariya. Ajidan ya leƙa bakin, dasashi ne zalla, babu haƙorin gaba ko na magani.

"Jeka, Sule, bakinka ya wanke ka. Amma wa ya shiga?"

"Hajiya Uwa ta kai wa Majo kunu. Su kuma masu awon zuciyar suna kan benci."

Hajiya Uwa gwauruwa ce, mijinta ya rasu, tana sayar da kunun gyaɗa a bakin asibitin. Ba ta ko ajiye ludayi ba.

"Ɗan nan, ka dube ni da kyau. Na yi kama da mai cizon leda? Kuma lambar boko, in ka rubuta min bakwai da ɗaya, duk sanda nake gani."

"Kin san masu awon?"

"Duk 'yan kununa ne. Malam Zainu ma kullum la'asar yana nan, ko ba ranar awo ba. Ya sayi kofi ɗaya, ya zauna yana juya shi har ya huce." Ta gyara mayafi. "Lafiyarsa dai ko?"

Ajidan ya ce lafiya lau, ya koma ciki yana sosa ƙeya.

"Majo, da kika cire musu na'urorin, me kika ce? Faɗa min kamar yadda ya fito daga bakinki."

"Cewa na yi ta naɗe duk abin da ke cikin zuciyarsu, Dokta za ta buɗe ta karanta."

Wayyo, dariya! Sai da Ajidan ya riƙe tebur, tumbin na rawa. Majo ta tsaya tana kallonsa, haushi kamar ta yi kuka.

Ajidan ya tarar da Malam Zainu a zauren gidansa, ya danna hula har gira, da zafin nan. Suka gaisa, aka tambayi jiki da iyali.

"Baba Malam, bari in ba ka labarin wani ɓarawo. Ya bar salula, ya bar na'ura sha ɗaya, ya ɗauki guda. Ashe ba na sayarwa yake nema ba. Babu suna a jikinsu, sai wanda ya san lambarsa. Ga almakashi a gabansa, amma ya sa haƙori. Almakashi kuwa hannun dama yake so. Wane tela ne zai ga almakashi ya ciji leda, in ba hannun ne ya ƙi ba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Can ya cire hular da hannun hagu, ga na'urar zaune a tsakar kansa.

"Ɗana, ka rufa min asiri. Shekarata sittin da tara, da jikoki. An ce duk abin da ke zuciyata yana ciki. A buɗe a karanta, ita kuma tana bakin ƙofa da tukunyarta? Wallahi kunya ta hana ni barci."

"Ita wa?"

"Kai ma ka sani."

"Baba, bugu kawai take naɗa, dum-dum. Tsokar take saurare, ba sirrin ba. Saboda kunya ka so ka zauna wata huɗu babu magani?"

Ya lallaɓa shi ya miƙa na'urar. Majo ta ce ita ba ta kai ƙarar kowa ba, kaya ne suka ɓata suka dawo.

Washegari Dokta Zuhra ta jona lamba bakwai da kwamfuta, ta daɗe tana bin layukan. Ta nuna wa Malam wurare biyu da bugun ya rikice, ɗaya har na awa uku.

"Ga mai laifin, Baba. Alhamdu lillahi mun kama shi da wuri. Wannan ƙwayar kullum, kada ka tsallake ko rana ɗaya."

Majo ta yi ajiyar zuciya, murna har kunne. Shi kuwa Malam ya matso yana leƙen kwamfutar.

"Shi ke nan abin da kika gani, 'yata?"

"Shi ke nan."

"Babu sunan kowa?"

"Suna kuma?"

Kai jama'a, mutum! Maimakon ya ji daɗi, sai ransa ya ɓaci. Ya harari na'urar.

"Kwana bakwai ina ɗauke da ke a ƙirji, ki kasa faɗar kalma ɗaya!"

Ya ɗauki maganinsa ya fita, Ajidan da ya zo ganin ƙarshen zance na biye da shi da sauri, wai kada ya faɗi. A gaban tukunyar kunu Malam ya tsaya, ya gyara murya sau uku.

"Hajiya, akwai wata magana a zuciyata, injin likita ya kasa karantawa."

Hajiya Uwa ta cika kofi, ta miƙa masa a hannun hagu.

"Ni na karanta tun bara, Malam. Haɗiye ƙwayar nan a gabana, sannan ka faɗa. Ba zan yi takaba sau biyu ba."