Motar da Ke Tsaye a Bakin Kasuwa

Falon gidan su Wiebe ya cika maƙil. An jera kujeru an yi da'ira, kowa da kofi da yankan kek a cinya. A ƙofar gida maƙwabta sun kafa 'yar tsanar tsohuwa mai tabarau, don yau mahaifiyarsa, Mama Geesje, ta cika shekara hamsin.

Jantine, wadda Wiebe zai aura in sanyi ya wuce, sai mutsu-mutsu take yi. Tun da ta ga doguwar motar gwajin nono a bakin kasuwa ta kasa sukuni.

"Mama," ta ce, "tunda kin kai hamsin, yaushe za ki shiga motar nan a duba ki?"

Falon ya yi tsit. Kawu Harm ya tsaya da cokali a baki.

"A gaban maza kike mini zancen ƙirjina?" Mama ta dire kofinta. "Yayata Trijn da ƙafarta ta shiga motar nan, bara muka binne ta! Mai yi mini fatan cuta ranar murnata, ba da ni za a yi bikinta ba!"

Jantine ta fito da kuka, tana kici-kicin buɗe makullin kekenta. Wiebe ya biyo ta.

"Haba Jantine! Wai bakinki ba shi da birki ne?"

"Kai kuma naka ɗinke shi aka yi? Ka san yadda na rasa uwata. Kullum sai ta ce gobe za ta je — har goben ta ƙare!"

"Na sani, masoyiyata. Amma ki ba ta haƙuri, ki bar maganar."

"Haƙuri zan ba ta. Maganar kuwa tana nan."

Ya sunkuyar da kai. "Ba zan iya ɗaura aure babu Mama ba."

Kwanakin da suka biyo baya, ta ɗauki littafi ta ajiye, ta ɗauki waya ta ajiye. Rigar aurenta na rataye, ta juya ta ga bango. Motar kuma ƙarshen wata za ta tashi, ba za ta dawo ba sai bayan shekaru.

Ranar Asabar ta tarar da Mama a lambun bayan gida tana binne kwararon furanni. Ta ce, "Mama, na yi kuskure da na faɗa cikin taro. Ki yafe mini." Ba a amsa ba. Ta durƙusa ta kama haƙa. Asabar ta gaba ma ta dawo, ba ta ce uffan kan mota ba, duk da maganar na cin ta.

Suna cikin aiki Mama ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ba motar ce ta kashe Trijn ba. Ta daɗe tana jin ƙullutu, ta ɓoye mana." Muryarta ta karye. "Tsoro nake ji, yarinya. In suka ga wani abu fa?"

"In suka gani yana ƙarami, Mama, ai mu muka riga shi."

"Ga matan garin nan da sa ido, kowa na leƙe ta taga!"

"Su leƙa! Ni zan riƙe miki kwat."

Mama ta yi dariya tana share hawaye da bayan hannu. "Ja'ira. Ɗauko mini kekena."

Sun ga abu kuwa, bai kai ƙwayar wake ba, ko ita ba ta taɓa jin sa ba. Aka cire shi a asibiti, likita ta ce an zo a kan kari. Wiebe ya kama hannun Jantine a bakin ɗakin yana kuka kamar yaro.

"Sori, Jantine. Da na bi son raina, da na rasa ku duka biyu."

Ranar biki Mama Geesje ce a sahun gaba, ita ta fi kowa rawa.

'Yan'uwana mata, kada mu jira sai ciwo ya kwantar da mu kafin mu je a duba mu. Wanda ke son ka da gaske zai gaya maka abin da ba ka son ji, kuma ya yi haƙuri da fushinka har ka gane.