Wuƙar da Ke Kan Cikin Nhan

Da hantsi aka kira Sufeto Diem zuwa ƙauyen Rach Gioi, a bayan birni, inda babban titin da zai zagaye garin zai ratsa. An tsinci gawar Nhan, matashin ma'aikacin safiyo, a bukkar masu kiwon agwagi.

An fasa masa ƙeya da turken awo. Amma an miƙar da shi, an haɗa ƙafafunsa, an kwantar da 'yar wuƙar fere kayan marmari a kan cikinsa, tas da ita, ba ɗigon jini.

"Hajiyar bincike, kada ki wahalar da mu," in ji Sajan Loc yana hamma. "Na riga na kama tsoho Luom. Kowa ya ji yana zagin yaron. Mu rufe magana mu je mu ci taliya."

"Ka taɓa ganin mutumin kudu ya ɗora wa gawa wuƙa?" in ji Diem. "Mu ɗanyar ayaba muke ɗorawa don kada mamaci ya tashi. Wuƙa ta mutanen arewa ce. Da cikinka kake tunani, Loc?"

Tsoho Luom yana tsugune a bayan mota da ankwa.

"Kawu, yaushe rabonka da Nhan?"

"Mako guda."

"Ƙarya. Ga sawun takalminka a ƙofar bukkar."

Tsohon ya tofar da yawu. "To, jiya. Na same shi yana tuge turakan da ya kafa a maƙabartarmu. Ya ce da ta fadama titin zai bi, wani babba ya lanƙwaso shi kanmu saboda surukansa sun saye fadamar. Na ba shi shayi, 'yata. Wa zai kashe mai tuge masa turaku?"

Ran Diem ya ɓaci. Kaburbura ɗaruruwa za a tone, kuma duk ofishin su Nhan ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya sa miƙaƙƙen titi ya yi gwiwa.

Ta wuce ofishin tsara titin a cikin birni. Yana hawa na sama na wani bene, da sanyin na'ura da ƙaton zanen birnin a bango. Injiniya Thuy, shugaban sashen, ya tarbe ta da harshensa na arewa.

"Ƙanwata, zauna. Abin tausayi. Ƙauyawa ba sa son ci gaba."

"Yallaɓai ya taɓa zuwa Rach Gioi?"

"Ni? Daga nan muke zana komai."

"Wa ya lanƙwasa titin?"

"Kimiyya ce, ba za ki gane ba."

Ta dubi kwanonin turaren wuta da ke ajiye a bayansa. Har ƙarƙashin tebur an liƙa laya. Mutumin nan matsoraci ne.

Ta fito da wuƙar cikin leda ta ajiye. Ba ta faɗi inda aka same ta ba.

"Mun ɗauke wannan. Nhan yana can kwance a mutuware haka nan, kuma kyanwoyi sun yi yawa a wurin. Ɗazu wata baƙa tana ta zagaya gadonsa."

Kofin shayi ya suɓuce daga hannun Thuy.

"Kin haukace? Ki mayar masa a kan ciki! In kyanwar ta tsallake shi zai tashi!"

Diem ta miƙe a hankali. "Wa ya ce maka a kan ciki take?"

Sai ya zube a kujera.

"Cewa ya yi zai tona mini asiri a taron jama'a gobe. Lallashinsa na je yi. Ya juya mini baya, ni, ubangidansa! Ban yi niyya ba."

"Za ka tone kakannin ƙauye guda da alƙalami ko gezau, amma gawa ɗaya ta hana ka sukuni. Miƙo hannu!"

Ma'aikata suka yi cirko-cirko a baranda, kowa na kallon ƙasa. Mutanen da kullum suke ganin gwiwar titin a zane, ba su taɓa tankawa ba.

Tana tura shi cikin mota ta kira Loc.

"Cire wa Kawu ankwa, ka ba shi haƙuri a gaban jama'a. Kuma ka gaya masa taron gobe yana nan. Ni zan zauna a kujerar Nhan."