Fiton Mai Gyare

"Ba wurinka na zo ba, wurin likita na zo."

Abin da Kinanti ta fara faɗa ke nan, tun Galih bai gama ɗago kai ba. Ta dire kejin a kan teburinsa. Idonta a bushe yake ƙamas.

"Dik Kinan..."

"Kada ka ƙara kirana da sunan soyayyar nan. Ka duba min shi. In ba za ka iya ba ka faɗa min, in kama gabana."

Ƙarya take yi, ba ta da gaban da za ta kama. Kwana shida tana yawo da tsuntsun nan a bayan babur. A kasuwar tsuntsaye wani tsoho ya ba ta ruwan ganye ta ɗiga masa a hanci, ciwo ya ƙaru. Likitan shanu na bayan gari ya jujjuya shi kamar mai taya kaza, ya ce shi iliminsa daga akuya ya fara. Wata likitar kuliyoyi ce ta ji tsoron Allah, ta ce duk faɗin birninmu na Solo mutum ɗaya ne ya san cikin tsuntsu, ta rubuta mata sunansa. Kinanti ta karanta, ta yayyaga takardar. Da gari ya waye ta ga tsuntsun, Klepon, ya kasa hawa sandarsa, sai ga ta a ƙofar mutumin da ta rantse ba za ta sake yi wa magana ba.

Galih ya yaye mayafin kejin. Klepon tsohon jalak ne, mai baƙi da fari, irin tsuntsun nan da ke kwashe duk sautin da ya ji. Yana tsugune a ƙasan keji, gashi a hargitse, baki a buɗe, jela na ɗagawa da kowane numfashi.

"Yaushe rabonsa da fito?"

"Kwana tara," ta ce.

Babu wanda ya tashi a unguwarmu da bai san fiton nan ba. Na Pak Tukimin ne (Pak, wato baba, haka muke kiran magidanci), mahaifin Kinanti, mai tallan gyare da ƙwan tururuwa, abincin tsuntsaye. Gajeru biyu, dogo ɗaya mai lanƙwasa. Shekara talatin da an ji shi da hantsi masu keji ke fitowa da gwangwanayensu. Klepon ya ɗauke shi tsaf, har da ɗan tarin da tsohon ke yi a ƙarshe.

A kan gyaren nan Galih ya fara ganin Kinanti, aka yi soyayya ta shekara uku, soyayyar da har matan lungu ke yi wa addu'a. Bara ya lallaɓo mahaifinsa, Pak Wiryo, sarkin masu gasar tsuntsaye, suka zo neman aure. An share gida, an kawo shayi. Pak Wiryo bai taɓa kofin ba. Cikin murmushi da tattausar murya, yadda manyanmu ke yanka mutum, ya ce ɗansa shekara shida ya yi yana karatun maganin tsuntsu, bai yi tsammanin abincin tsuntsu zai kwaso masa ba. Pak Tukimin ya sunkuya ya yi godiya, ku ji fa, godiya! Galih kuwa ya ƙura wa tabarma ido, ko uffan.

Tun daga ranar tsohon bai ƙara yin fito ba. Wata biyar a tsakani aka kai shi makwancinsa. Abin da ya rage na muryarsa a duniya yana cikin maƙoshin Klepon.

Galih ya riƙe tsuntsun a tafin hannu, ya kara kunne a bayansa, ya haska cikin bakinsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Sanyi ne da laima suka ci ƙirjinsa, har wurin da murya ke fita. Ba ciwon kwana tara ba ne wannan. Ina kike rataye shi?"

"Inda kowa ke rataye nasa. A waje da asuba, ya sha raɓa."

"A daminar nan? Tsohon tsuntsu?" Ya kalle ta sosai. "Kinanti, ke 'yar Pak Tukimin ce, kin fi ni sanin wannan. In kin ɓoye min, shi kika cuta."

Ta ɗaga kai ta faɗa masa komai, tana kallon tsakiyar idonsa don ya ji zafin da kyau.

Bayan gidan Pak Wiryo da lungun su Kinanti katanga ɗaya ce ta raba. A jikin katangar ta ciki ake ajiye Petir, murai ɗinsa, tsuntsun waƙa mai doguwar jela, da ya cinye kofunan gasa har ba wurin sa su. Wata biyu da suka wuce Petir ya fara zubar da gashi. Kowa ya sani, lokacin da murai ke sake gashi a lulluɓe yake, ba ya waƙa, sauraro kawai yake yi, kuma abin da ya ji a kwanakin nan shi zai rera idan ya warware. Shi ya sa Pak Wiryo ya jera masa tsuntsaye masu tsadar murya, ya hana ko yanka albasa da ƙarfi a gidan. Bai san da asuba, kafin masu tsadar su farka, akwai wata a bayan katanga ba. Safiya arba'in Kinanti tana rataye Klepon a reshen gwaiba, ana ruwa ko ba a yi, yana zuba fiton mai gyare.

"So nake ranar gasa, a gaban duk mutanen da ke sunkuya masa, tsuntsunsa ya yi tallan gyare," ta ce. "Je ka faɗa masa."

Galih ya mayar da Klepon cikin keji a hankali.

"Ba aikina ba ne. Aikina wannan."

"Da ma ai shiru ka iya."

Ta ga maganar ta shige shi, ta kuma ji daɗin hakan. Sai da ya ce tsuntsun zai kwana bakwai a wurinsa, kuma ba zai yi mata alkawarin komai ba, sannan jin daɗin ya gushe. A kan babur tana komawa gida ta gane abin da ta yi wa kanta: da hannunta ta miƙa wa ruwan sama muryar ubanta.

Akwai wadda ta ji komai daga bayan labulen asibitin. Puspita, 'yar abokin Pak Wiryo, wadda yake so ya haɗa da Galih, ta kawo masa abincin rana da ba wanda ya roƙe ta. Ta koma da kwanonta sum-sum, ta ƙulle maganar a cikinta. In ta faɗa yanzu, a cikin gida za a kashe wutar. Ita kuwa so take a tozarta Kinanti a fili, inda ba mai iya gyarawa.

Kwana bakwai Galih bai ga ta zama ba. Ya sa Klepon a akwatin gilashi mai ɗumi, yana yi masa siracen magani safe da yamma, yana ɗura masa abinci da ɗan bututu. Kinanti na zuwa kullum ta zauna a benci, ba gaisuwa, ba sallama. Ya ajiye mata shayi, ta bar shi ya huce yadda aka bar na ubanta. A rana ta biyar Klepon ya ɗauki gyare da bakinsa. A ta bakwai ya haye sanda, ya miƙe wuya, ya buɗe baki.

Iska ce kawai ta fito.

"Zai rayu," in ji Galih. "Amma wurin ya yi tabo. Ba zai ƙara fito ba."

"Ka sake dubawa."

"Na duba sau uku. Da ƙarya na warkarwa, da na yi miki ita."

"Mas Galih..." Mas ɗin nan, wato yaya, da take kiransa da shi a da, ya suɓuce mata ba ta shirya ba. Ta sunkuci kejin ta fita da sauri don kada ya ga hawayenta.

Mahaifiyarta, Bu Warsi, ba ta yi mata faɗa ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta dai daina fitowa tsakar gida da hantsi, lokacin da ta saba zama kusa da kejin tana tsintar shinkafa. Gidan ya yi tsit. Kinanti ta ce wa zuciyarta tunda ta riga ta yi asarar, wallahi sai ta je ta ga abin da ta saya.

Ranar Lahadin gasa filin ya cika maƙil. Kejuna sittin a rataye ƙarƙashin rumfa, alƙalai na zagayawa da tutocinsu, masu tsuntsaye a bayan shinge suna ihu suna kaɗa hannu. Pak Wiryo na zaune a kujerar gaba, Galih a gefensa, Puspita ta sha ado a bayansu. Aka yaye mayafai. Petir ya buɗe sabuwar jelarsa ya fara zuba waƙa, har alƙalai biyu suka tsaya cak a ƙarƙashinsa.

Sai ya yanke. Gajeru biyu, dogo ɗaya mai lanƙwasa, da ɗan tari a ƙarshe.

Filin ya ɗauke wuta. Petir ya maimaita, ya sake maimaitawa. Can baya wani ɗan iska ya ɗaga murya ya ce, "Pak Wiryo, a zuba min gyare gwangwani ɗaya!" Dariya ta fashe har da masu riƙe ciki. Alƙalai suka wuce da tutocinsu.

Ranar da Kinanti ta yi wata biyu tana mafarki ke nan. Ga fuskar Pak Wiryo ta yi baƙi ƙirin, ga dariyar da ta tanadar masa. Amma ita ba ta ji dariyar ba. Ubanta take ji yana shigowa lungu da kekensa. Ta dafa shingen, kuka ya ƙwace mata.

"Ga ta can!" Puspita ta miƙe tana nuna ta. "Ita ce ta yi, Pak. Da kunnena na ji tana faɗa wa Mas Galih."

Ai kuwa garin zumuɗi ta harbi wanda take so. Pak Wiryo bai ko kalli Kinanti ba, ɗansa ya juya ya kalla.

"Ka sani?"

"Na sani, Pak."

"Ka yi shiru?"

"Na yi. Kamar yadda na yi shiru ranar da aka ci mutuncin mutumin kirki a kan tabarmarsa. Waccan ce nake kunya, ba wannan ba."

A garinmu ɗa ba ya ɗaga wa uba murya, Galih ma bai ɗaga ba. Kansa a sunkuye ya yi maganar, amma na kusa duk sun ji, kafin la'asar kuwa na nesa ma sun ji. Pak Wiryo ya ce tsuntsun da ya yi talla ba zai sake kwana a gidansa ba, a murɗe wuyansa ko a sake shi, duk ɗaya.

"To ka ba ni shi, Pak. Inda ya kwana, nan zan nemi wurin zama."

Ya je da kansa ya sauke kejin, ya ratsa mutane har inda take.

"Ban iya dawo miki da muryar Klepon ba," ya ce. "Wannan ce kaɗai ta rage. Taki ce, ko kin yafe min ko ba ki yafe ba."

"Ban yafe ba."

"Na sani."

"Zai daɗe."

"Ina da haƙuri, Dik Kinan."

Wannan karon ba ta hana shi sunan ba. Ta karɓi kejin, ta ce tunda ya iya magana yanzu sai ya kai ta gida, hannunta ba zai riƙe babur ba.

An ɗaura auren bayan damina. Pak Wiryo ya zo neman auren a karo na biyu, ya shanye shayin har ƙasan kofi, Kinanti na tsaye tana kallo sai da ya haɗiye kurɓar ƙarshe. Ni dai har yau ban yafe masa ba, amma ba a tambaye ni ba.

Abin da ba na mantawa shi ne yammacin ranar gasar. Sun iso lungu, Galih ya rataye Petir kusa da Klepon, tsohon ya karkata kai yana leƙen baƙon. Bu Warsi na can cikin madafa, ba ta san abin da aka yi a fili ba. Petir ya girgiza gashinsa ya saki fiton.

Daga ciki aka ji ƙarar ajiye ludayi, sai muryarta, yadda ta saba shekara talatin.

"Ka dawo, Pak? Shayinka na nan da zafi."