Ƙwaryar da Sada Ya Fasa

Ranar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ranar Sada ya kama hannun 'yar mutane a tsakiyar titi, kuma har yau in aka tuna masa sai ya sunkuyar da kai.

A bakin Ƙofar Guga abin ya faru. Gari ya ɗauki murna, 'yan acaɓa suna ta wasa da babura kamar sun ajiye wani ran a gida. Sada malamin Turanci ne a wata sakandare, ɗan Ƙofar Kwaya, saurayin da ko gaisuwar mace sai ta sa shi gumi. Yana tsaye yana kallo sai ya hango wata 'yar Fulani da ƙwaryar nono a ka za ta tsallaka, ga babur ya taho a guje. Bai yi shawara da kowa ba, ya fizgo hannunta. Babur ya wuce, ƙwarya ta faɗi ta rabe uku, nono ya malale a kwalta.

Da a nan abin ya tsaya, da an ce taimako ya yi. Amma da ya ɗago ya ga idanunta, sai ya manta hannun ba nasa ba ne.

"Malam," ta ce a hankali, "babur ɗin ai ya kai Jibiya. Sakam mini hannu."

Teburin mai shayi gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Kunya ta rufe Sada, ya durƙusa ya tattara sakainun don ya sami inda zai ɓoye fuska, ya miƙe ya yi gaba ko sannu bai ce mata ba. Sai da ya isa gida ya ga ashe da ƙwaryar mutane ya taho a gaban riga.

Abin da ake gudu sai ya biyo shi har gida. Ashe yarinyar, Haulat, ɗiyar Malam Hamman mai shanu a bayan ganuwa, ita ce ta karɓi kawo wa mahaifiyarsa Inna Hajo nono kowace safiya. Da ya ji muryarta sai ya maƙale a ɗaki, har ya riƙa makara makaranta. Ran nan dai suka yi kaciɓis a zaure.

"Ina kwana, Malam Fizgau?"

Ya amsa a ciki, ya nemi gafara, harshe na harɗewa.

"Ni ba ni da ta cewa, rai ka ceta," in ji ta. "Innarmu ce ta yi kuka. Ƙwaryar jerenta ce, tun daga wurin kakarmu. Mi za ka yi da sakainun da ka kwashe?"

"Suna nan," ya ce.

Gaskiyar magana, tun washegari ya kai su Ƙofar Sauri wurin wani tsohon gyartai, Mati, mai ɗinkin ƙwarya. Roba da silba sun kashe wa tsohon kasuwa, ido kuma ya yi rauni. Ya shafa sakainun ya ce, "Ni ba ni ganin ramin basilla yanzu, ɗana. In kana so, zauna in gwada maka da baki." Shi ke nan, kullum bayan la'asar Sada ya cire takalmin makaranta ya zauna a tabarmar Mati yana huda ƙwarya, rabin hudar kuma a yatsunsa take ƙarewa.

To fa, wa zai gaya wa? Gidansu gidan malamai ne da ma'aikata, ɗalibansa kuwa in suka ji malaminsu ya koma gyartai, ai aji ya gagare shi ke nan. Ya ƙudurta sai ya gama zai faɗa.

A zauren nan so ya tsiro, a tsaitsaye, ƙwarya na kanta. Da ya ga baki ba ya taimakonsa, sai ya koma wa shirin gaishe-gaishe na rediyo. Wata Lahadi Haulat na damun fura ta ji mai gabatarwa ya karanto:

"Daga Malam Fizgau, Ƙofar Kwaya, zuwa ga Farar Safiya a bayan Ƙofar Guga. Ya ce tun da ya saki hannun nan bai sake riƙe alli daidai ba."

Ta bar ludayi ta rufe fuska da mayafi, alhali ba wanda ya san da ita ake. Mako na zagayowa nata ya fito:

"Daga Farar Safiya zuwa ga Malam Fizgau. Ta ce shi riƙe allinshi da kyau, shi bar 'ya'yan mutane su yi karatu. Ta ce kuma tana gaishe shi, gaisuwa mai yawa."

Wata safiya ya tare ta da fara'a, ya ce ɗalibai ne suka tambaye shi kalmar da jaridun Turanci ke yawan sa wa soja in sun ƙwaci mulki, wato seize. Ya duba babban ƙamus, sai ya tarar daga tsohon Faransanci ta fito, kuma a can farko ba ƙwace kaɗai take nufi ba, har da a damƙa wa mutum gona ko gida a gaban shaidu ya zama nasa. Daga baya ne ƙwacen ya rinjaya.

"To kai wanne ka yi mini?" ta tambaya.

"Na soja," ya ce, kansa a ƙasa. "Amma ina neman na farar hula, in Baffa ya yarda."

Ta yi dariya har nono ya kusa zuba. "Allah ya shirye ka, Fizgau na."

Sai dai Baffan nata, Malam Hamman, bai yarda ba. Akwai Hashimu, ɗan yayan Malam Hamman, mai fataucin shanu, wanda ya daɗe da sa rai a kan Haulat. Shi ya bi sawun Sada har Ƙofar Sauri, ya ga yana shiga zauren wani tsoho da sakainu a ƙunshe, ba ya fitowa sai magariba ta gabato. Me kuwa saurayi zai kai kayan budurwa wurin tsoho ya yi, in ba asiri ba? Kafin kwana biyu magana ta gama ruga.

Da Babaji, ƙanin mahaifin Sada, ya je neman izini, ko tabarma mai kyau ba a shimfiɗa masa ba.

"Yaron da ya fara da fizgar ɗiyata a bainar jama'a, ya biyo da kai ƙwaryar uwatta wurin boka?" in ji Malam Hamman. "Ku tahi da goronku. Ba a ƙwatar ɗiya a gidan nan."

Wannan bai yi wa Sada ciwo ba kamar zuwan Haulat washegari. Ba ta ce Fizgau ba. Idanunta sun yi ja.

"Malam Sada, tambaya ɗaya zan yi maka. Son da nike maka, nawa ne, ko sa mini aka yi?"

"Haulat, wallahi..."

"To ina ƙwaryar Inna? Mi kake yi a Ƙofar Sauri?"

Ga amsa a bakinsa, gajeriya. Amma ya hango yaran ajinsa biyu tsaye a ƙofar gida suna jiran ƙaninsa, sai harshe ya yi masa nauyi. Ya sa hannuwa a aljihu don kada ta ga yatsunsa. Ta jira, ta jira, sannan ta gyara ƙwaryarta ta fita. Daga ranar Inna Hajo ta koma sayen nono a kasuwa.

Sada ya ji kunyar da ta fi ta ranar babur. Waccan kunyar mutane ce, wannan kuwa ta kansa ce: ya bar yarinya tana zargin zuciyarta don kawai kada a kira shi gyartai. Ya kasa cin abinci, ya kasa haɗa ido da uwarsa. Ranar da ya ja zaren ƙarshe, Mati ya miƙo masa tsumma don ya naɗe ƙwaryar. Sada ya ce a'a, a bar ta haka.

Da rana tsaka ya ɗauko ta a hannu biyu, a buɗe, ɗinki a waje, ya ratsa gari da ƙafa, Babaji na biye da shi yana salati. Ɗalibai suka gan shi, masu shayin nan na Ƙofar Guga suka gan shi.

"Malam, sabuwar sana'a aka samu?"

"Ita ce," ya ce, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. "In kuna da fasasshiya ku kawo."

Malam Hamman na zaune gindin bedi da mutanensa, har da Hashimu. Sada ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye ƙwaryar.

"Baffa, ni na fasa, ni na ɗinke. Abin da nike yi a Ƙofar Sauri ke nan. Kunya ta hana ni faɗi."

Dattijon ya ɗauki ƙwaryar ya juya ta. Ɗinki ne dai, amma ya karkace, wani wuri a matse, wani wuri kamar haƙoran tsohuwa. Ya ce Sada ya miƙo hannuwansa. Ya daɗe yana kallon yatsun da basilla ta yi wa kaca-kaca. Sannan ya aika da ƙwaryar cikin gida, ya ce a zuba nono a gani.

Can sai ga muryar Inna Rahmatu, mahaifiyar Haulat, daga bayan zana, tana rawa tsakanin kuka da dariya: "Tana yoyo, Malam! Amma ita ce, wallahi ita ce."

Malam Hamman ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

"Bokan da ya yi wanga ɗinki ai da yunwa ta kashe shi tuni," ya ce. Ya dubi Hashimu, Hashimu ya dubi takalminsa. Dattijon ya juyo wurin Babaji. "Ni ma na ji kunya, na yanke hukunci ban tambaya ba. Ina goron nan da na ce ku tahi da shi?"

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Da wakilin amarya ya ce, "Mun ba shi," Babaji ya ce, "Mun karɓa," sai Sada ya ji hawaye sun zubo masa, ya fake da gyaran hula. Ranar kamu ma da ƙwaryar nan aka ɗebo nonon da dangin ango suka yayyafa wa amarya, tana ɗiga a hanya, mata na guɗa.

Da aka watse ya shiga ɗakin, sai ya ga an ɗora ta can saman jere, an juyo ɗinkin yana kallon ƙofa.

"Farar Safiya, don Allah ki juya ta bango."

"Ban juyawa," ta ce daga cikin mayafi. "Duk wanda ya shigo shi ga asirin da aka yi mini."

"Haba, ai an ce ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta."

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta zaro hannunta da ya sha lalle, wancan hannun dai, ta miƙa masa. Ya tsaya yana kallo, kunya ta sake taso masa sabuwa fil.

"Kama mana, Fizgau na," ta ce. "Yanzu ba ka aka yi."

Ya kama, a hankali. Wannan karon ba wanda ya ce ya saki.

Allah ya sa albarka a wannan riƙo, ya ba su zuri'a mai jin kunya da faɗin gaskiya, ya bar su tare har tsufa. Amin.