Tokar da Na Kwashe da Magariba

Da la'asar sakaliya na sake fita bayan gida in duba murhun, ina tafe ina mita. Dusar ƙanƙara ta kai mini ƙwauri. Na ɗaga kai na dubi bututun hayaƙi a kan soro, ko ɗan siririn hayaƙi babu.

Murhun nan mahaifin mijina ne ya gina shi da laka a jikin bango ta waje. Wuta na ci a waje, zafinta ya bi ta ƙarƙashin daɓen ɗakin wanka da ɗakin da ke manne da shi. A wannan ɗakin muka kwantar da 'yata Tuda da jaririnta. Bakwaini ne, duk jikinsa bai fi tafin hannuna biyu ba. Tun ranar haihuwa ungozoma ta ja mana kunne: kada daɓen nan ya huce.

Ga shi kuwa ya fara hucewa.

Mijina Bassu ya sauka kasuwar Azilal, ƙanƙara ta rufe hanya a bayansa. Tun kaka nake cewa ya gyara murhun nan. "Gobe, Itto." Kullum gobe. Yau ga ni durƙushe a gaban abin, hanci na zuba, ido na hawayen hayaƙi.

Ba abin da ban gwada ba. Na cire icen da nake zargin ya jiƙe, na sa busasshen icen zaitun. Na hau tsani na zura gora a bututu, kunkunniya ta zubo mini a ka. Na tsiyaya kananzir. Na hura har kaina ya yi jiri. Wuta ta kama, ta yi ja, ta kwanta, hayaƙin ya dawo mini a fuska. Da na leƙa ciki da fitila sai na ga dalili. Toka ta taru ta toshe bakin hanyar da zafi ke bi.

Na shiga gida ɗaukar shebur. Surukata Lalla Izza na zaune kusa da Tuda, ta lulluɓe da barguna har ka. Idonta ya mutu, amma kunnenta na jin tafiyar tururuwa.

"Me za ki yi da shebur yanzu?"

"Rawa zan yi da shi, Lalla. Toka zan kwashe."

"Rana ta faɗi. Ba a taɓa toka in rana ta faɗi, kin sani. Mutanen ɓoye na kwana a ciki."

"To su tashi su hura mini wutar mana, tunda gidansu ne."

"Bakinki, Itto. Bari sai safe."

"Safe? Taɓa ƙafar yaron nan ki ji."

Ba ta taɓa ba. Tuda ta dube ni, leɓenta ya bushe, ta kira ni yadda muke kiran uwa a yarenmu. "Yemma, ya ƙi kama nono."

Na ɗauki shebur na fita.

A ƙauyenmu ko da rana za ka kwashi toka sai ka yi bismillah, ka ce masu wuri su ba ka hanya. Ni haushi ya cika mini baki. Na dinga loda shebur ina watsarwa a kan ƙanƙara bayan rumbun ciyawa. Da na ga garwashi na ƙyalli a ciki, tsoron gobara ya kama ni. Na ɗebo bokitin ruwa na sheƙa a kan tulin.

Ya yi ƙara. Toka da ruwa kan yi "fuuu" su yi shiru. Wannan ƙarar ta ja, doguwa, siririya, kamar kukan mage daga nesa.

Na ce iska ce.

Na koma na jera ice, na ƙyasta ashana. Nan take wuta ta tashi, doguwa, mai kyau. Na ce alhamdulillahi, na miƙa hannuna in ji ɗumi.

Babu ɗumi.

Na matsar da hannun. Na sa shi cikin harshen wutar. Sanyi, kamar ruwan rafi. Icen kuma ko baƙi bai yi ba.

Ladan ya fara kiran magariba daga ƙasan kwari, iska na yayyanka muryarsa. Sai wani wari ya zo mini. Warin lalle, da jiƙaƙƙen ulu, da ƙarnin nono. Warin ɗakin mai jego ne, amma daga cikin murhu yake fitowa.

Akwai mace tsugune a ɗaya gefen murhun.

Ta rufa da bargo mai launin toka. Na ɗauka maƙwabciyata ce, Hadda.

"Hadda, ke ce? Zo ki ga abin da murhun nan ke yi mini."

Ba ta ɗago ba. Ƙanƙara na sauka a kaina, amma ba ta sauka a kanta.

Muryar a hankali ta zo, kamar ana jan tsintsiya a daɓe.

"Naki jaririn na ciki."

Ta ƙara da cewa:

"Nawa na waje."

Daga cikin gida Tuda ta kira ni. "Yemma? Yemma, daɓen kamar dutse. Yaron ya daina motsi sosai."

Na juya na dubi tulin tokar.

Yana numfashi. Ya ɗaga kaɗan, ya sauka. Ya ɗaga. Ya daɗe bai sauka ba.

Ban san yadda ƙafata ta kai ni wurin ba. Na kwance mayafina na ulu, na shimfiɗa, na dinga tattara jiƙaƙƙiyar tokar da hannu. Ban ga komai a ciki ba. Amma da na ɗaga ƙullin, nauyin bai yi kama da na toka ba. Gefe ɗaya ya fi nauyi, ya langaɓe, kamar kan da wuya bai riƙe ba tukuna.

Na tallafe shi. Hannun uwa ya san aikinsa.

Na cusa shi cikin rigata, a jikin fatata. Sanyin ya soke ni har baya. Na tsuguna ina jijjiga shi ina karanta duk abin da na iya, ban iya da yawa ba. Haƙorana na haɗuwa.

Wani abu ƙarami ya kama rigata ta ciki.

Na rarrafa zuwa bakin murhu. Matar ba ta nan. Na miƙa ƙullin cikin wutar.

Hannuwa biyu suka fito daga ciki. Sirara, dogaye fiye da kima. Ba ƙullin suka kama ba. Wuyan hannuna suka riƙe.

"Ya yi sanyi da yawa," in ji muryar. "Na cikin ɗakin nan yana da sauran ɗumi."

"A'a," na ce. "Shi bai taɓa tokarki ba. Ni ce. Ɗebi nawa ɗumin."



Sai na ji ana zuƙe ni. Daga yatsu zuwa gwiwar hannu, kamar ana zare zare daga saƙa. Na so in yi ihu, babu iska a ƙirjina. Idona ya fara rufewa.

Wani siririn kuka ya tashi a cikin murhu.

Aka sake ni.

Zafi ya bugo fuskata har gashin girata ya ƙone. Na faɗi da baya a kan ƙanƙara. Ice na ƙara, bututu na aman hayaƙi. Da rarrafe na shiga gida. Na tarar Lalla Izza ta dafa daɓe da tafin hannu.

"Ya fara ɗumi," ta ce. Ta juyo da makafin idanunta wajena. "Ina mayafinki?"

 Kafin isha yaron ya kama nono.

Ya rayu. Sunansa Addi, yanzu har makaranta yake zuwa.

Ni kuwa hannuwana ba su sake ɗumi ba. Likita a Azilal ya ce jini ne ba ya gudu, ya ba ni ƙwayoyi, na sha har na gaji. Ko tsakiyar rani, daga gwiwar hannu zuwa yatsu kamar an ciro su daga rijiya. In na kwaɓa ƙullun burodi ba ya tashi, sai dai Tuda ta kwaɓa.

Ranar suna aka miƙo mini Addi. Ina taɓa shi ya sandare, ya tsala kuka, aka karɓe shi. Haka ya girma, in na miƙa hannu sai ya ja da baya. Na daina miƙawa.

In ya yi barci nakan je in zauna kusa da shi, in harɗe hannuwana a baya, in sunkuya in sa goshina a nasa.